Kujerar Malam Dankure

A jami'ar da nake aiki a Birnin Kebbi akwai wata ƙofa a saman bene da aka manna wa sunan mahaifina. Masu wucewa ta wurin ba su san shi ba, yawancinsu ma sun ɗauka ya rasu. Bai rasu ba. Yana Argungu yana noman albasa a fadama, gwiwarsa ta hagu tana damunsa in an yi sanyi.

Sunansa na yanka Muhammad Sani, amma tun yana yaro ake ce masa Dankure, har sunan ya bi shi aji. Ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa, kusan rabinsu yana hedimasta a wata firamare da ke kusa da bakin gulbi. Ni ce autarsa. Kafin in yi wayo ya kusa ritaya, saboda haka yawancin abin da na sani game da aikinsa a bakin mutane na ji shi.

Sun ce akwai kujera a ofishinsa, ta katako mai hannu, wadda hukumar ilimi ta kawo. Tulun ruwa ne a kanta. In an tambaye shi sai ya ce yara na ture tulun in yana ƙasa, shi kuwa ba ya samun zama balle ya nemi abin zama. Ranar da mai duba makarantu zai zo ne kawai ake sauke tulun, a goge kujerar, baƙo ya zauna, Baba ya tsaya a gefe.

Da damina in gulbi ya cika, yaran ƙetare a kwalekwale suke zuwa. Baba kan riga su isa mashaya, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga ruwa yana sauke ƙanana ɗaya bayan ɗaya don kada littattafansu su jiƙe. In an yi rabon wani abu a makaranta, shi ne na ƙarshe. In an dafa abinci ranar ba da sakamako, sai kowa ya ci, har maigadi, sannan ya zo ya duba ko akwai ƙanzo.

Mutane na ba da wannan labari da sha'awa. Innata, Sadatu, ba haka take ba da shi ba.

"Duk yaran garin ga ɗiyanai ne," in ji ta. "Mu ne baƙi."

Tana da dalilinta. Shekarar da aka haife ni ƙaramar hukuma ta ware kujerar Makka ɗaya don malaman firamare, ta faɗo a kan Baba. Sai ya miƙa wa mataimakinsa, wani dattijo da ya girme shi, ya ce shi yana da sauran lokaci. Inna ta ce ta daɗe tana ajiye masa tuwo ba ta ce masa sannu ba. Dattijon ya je ya dawo da haƙorin Makka, ya kawo wa Baba tasbaha da dabino. Wata kujerar ba ta sake biyowa ba. Ritaya ta zo, fansho yana zuwa yana tsayawa, mu kuma muna karatu. Baba bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai in lokacin tashin alhazai ya yi, yakan kara rediyo a kunnensa ya saurari sanarwar jirage, wane gari ne zai tashi yau, wane ne gobe, ko da babu wanda ya sani a ciki.

Cikin yaran da ya sauke daga kwalekwale akwai Abdussamadu, ɗan wani masunci. Yanzu Alhaji Abdussamadu ne, yana da masana'antar sarrafa shinkafa, yana zaune a Abuja. Kowane azumi yakan aiko mana da buhu, ya bugo waya ya gaida Baba. In ya ce, "Malam, yaya gida?" Baba ya ce, "Alhamdu lillahi." Iyakar abin da Alhaji ya sani game da gidanmu ke nan.

Bara, ana tsakiyar ban ruwan albasa, ya bugo. Baba yana fadama tare da Tamba, abokinsa tun na yarinta, masunci ne da ciwon ƙugu ya raba da gulbi. Da yake kunnen Baba ya yi nauyi, a bayyane yake sa muryar waya, saboda haka Tamba ya ji komai. Shi ya ba ni labari daga baya.

"Malam, na daɗe ina tunanin abin da zan yi maka," in ji Alhaji. "To, Allah ya nufa. Na yi maka kujera."

"Kujera?"

"Kujera, Malam, da sunanka. An gama komai. Za su neme ka daga Birnin Kebbi. Ka dai tanadi hoton fasfo mai kyau."

Daga nan layi ya fara yankewa, sai godiya da addu'a aka iya jerawa kafin ya ɗauke gaba ɗaya.

A wajenmu in an ce an yi wa tsoho kujera, ma'ana ɗaya gare ta. Ga shi a Birnin Kebbi ofishin alhazai yake, daga can kuma jirginsu ke tashi. Ga maganar hoton fasfo. Tamba ya ce bai san lokacin da ya manta da ƙugunsa ba. Kafin Baba ya wanke ƙafa ya hau keke, labari ya riga shi shiga unguwa.

Inna ce ta sanar da ni ta waya. Ban taɓa jin muryarta haka ba, tana magana tana dariya kamar yarinya.

"Nazifa, Allah ya biya Malam! Abin da yab bayar ya dawo mai. Ke, ashe ba ta ɓacewa!"

Yayana Ja'afar, wanda nake zaune gidansa a unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ya sayo takalman fatale na roba masu ƙwari. Ni na sayi farin yadi na harami na aika da shi a mota. Baba ya je wajen mai hoto da farar rigarsa ta Juma'a. Bayan 'yan kwanaki wani saurayi ya bugo masa, yana sauri yana haɗa Hausa da Turanci, ya ce daga ofishin shirye-shirye ne, yana son cikakken suna da shekarar haihuwa. Baba ya faɗa masa, ya kuma tambaye shi yaushe za a fara bita. Saurayin ya ce ba sai ya yi wata bita ba, ya dai zo ranar, za a nuna masa inda zai zauna.

Baba ya fara tattaki. An ce masa ɗawafi da safa da marwa ƙafa suke ci, saboda haka in gari ya waye yakan zagaya filin tsohuwar makarantarsa har rana ta ɗaga. Tamba kan zauna a gindin darbejiya yana yi masa tsiya.

"Hedimasta, hannun hagu aka zagayawa! Ka je can ka ba Kabawa kunya!"

"In kana da ƙugu taso ka nuna min."

"Ni nawa ya ƙare wurin ciyar da ku kihi. Tahi dai, Alhajin gobe."

Sai masu sallahu suka fara zuwa. Baba ya faɗa tun farko cewa ba shi da halin sayo wa kowa jallabiya ko zobe, amma addu'a ba ta da nauyi, duk mai ita ya kawo. Suka kuwa kawo. Mai neman haihuwa, mai ciwon da ya ƙi jin magani, wanda gonarsa ta nutse shekara biyu a jere, wadda mijinta ya daina yi mata magana. Wasu a zaure suke faɗa, wasu sai sun bi shi fadama inda babu mai ji. Bai rubuta ko ɗaya ba, ya ce asirin mutane ba a barinsa a takarda. Sai ya raba su a kan fangalan albasarsa, kowane fangali da mai shi. In yana ban ruwa yana kiran sunan yana maimaita buƙatar, har ta zauna masa.

Fangalin da ke kusa da rijiya na Riskuwa ne. Maƙwabciyarmu ce, tana soya kifi a bakin titi. Ɗanta Faruk ya tafi ci-rani ta hanyar hamada, ya bugo waya sau ɗaya daga wani gari da ba ta iya faɗin sunansa, tun daga nan shiru. Ta zo ta durƙusa a bakin zaure, ta ce:

"Malam, ba na ce ka roƙa shi dawo ba. Na bar ma Allah wannan. Ka dai hwaɗi sunanai a wurin. Ko shina raye ko ba shi raye, a ji sunanai a gaban Ɗakin Allah."

Baba ya ce ya ɗauka.

Ni a ofishin yaɗa labarai na jami'a nake, ƙaramar ma'aikaciya. Nazifa Sani nake a takarda, saboda haka babu wanda ya haɗa ni da wani Dankure. Wata ranar Laraba shugabarmu, Malama Fiddausi, ta kira ni teburinta.

"Ke da kika karanta Hausa, zo ki fitar da mu. Wani attajiri ya yi wa jami'a wakafi, za a kafa kujerar farfesa da sunan tsohon malaminsa. Mako mai zuwa ne bikin. Hedimasta ne wai a Argungu. Ku 'yan can, kin san wani Dankure?"

Na ce na san shi.

Ta yi mini bayani yadda take yi wa 'yan jarida. Attajirin ya ajiye dukiya, ba za a taɓa uwar ba, ribar ce za a riƙa biyan wani farfesa da ita har illa ma sha Allahu. Aikinsa ya koyar, ya yi bincike a kan irin shugabancin da shugaba ke yi wa na ƙasa da shi aiki maimakon su yi masa. Abin da ya rage shi ne yadda za a rubuta sunan fannin da Hausa a jikin kyallen da za a rataya.

"Shugaba bawan jama'a?" in ji ta. "A'a, bawa ya yi nauyi, manya ba za su so ba. Shugaba bara?"

Na ce in an rubuta bara, wani zai karanta roƙo, wani ya karanta shekarar da ta wuce.

Ta yi dariya. Muka tsaya a kan shugabancin hidima. Ta juyo mini da kwamfuta in duba ƙa'idar rubutu, sai ga hoton Baba da farar rigarsa ta Juma'a, ya daidaita hula, ya zuba wa mai hoto ido kamar yadda aka ce masa ana yi a fasfo. Na gyara ƙugiyar wani harafi da ta faɗi, na koma teburina na ƙarasa aikin ranar.

Ranar Asabar na shiga motar Argungu. Ban tsaya gida ba, na wuce fadama. Na same shi shi kaɗai, yana jan ruwa daga kwalbatin da inji ke cikawa yana juya shi da fartanya zuwa fangali. Bakinsa na motsi. Na gaishe shi na tsuguna a kan kunya.

"Auta, lahiya? Ba ki ce kina tahe ba."

"Baba, kujerar ga. Ba ta Makka ba ce."

Bai ɗago ba. Ya jira fangalin ya sha, ya toshe bakinsa da laka, ya buɗe na gaba.

"Ta ina ce?"

"Ta jami'a. Wurin aikinmu."

Na faɗa masa yadda Malama Fiddausi ta faɗa mini, wakafi da riba da farfesa da fannin. Ya saurara har na gama.

"Ni za ni zauna kanta?"

"A'a. Wani farfesa ne."

"Ya san ni?"

"Ban jin ya san ka."

"To ita kujerar tana ina?"

"Babu kujerar, Baba. Suna ne kawai."

Ruwa ya cika fangalin ya fara tsallake kunya, bai lura ba sai da ya taɓa masa ƙafa.

"Kujera ba kujera," in ji shi. Ya toshe ruwan. "Madalla. Abdu ya yi ƙoƙari. Kin hwaɗa ma innarki?"

"A'a."

"Bar min wannan."

Ya ƙarasa ban ruwan gaba ɗaya, har fangalin kusa da rijiya. Bakinsa dai ya daina motsi.

Inna tana tsintar shinkafa a faifai lokacin da ya faɗa mata. Ina tsaye a bakin ɗaki. Na yi zaton za ta yi faɗa ko kuka. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa. Da ta gama ta shiga ɗaki ta ɗauko farin yadin da na aiko, ta ninke shi ƙanana, ta sa a ƙasan akwati, ta danne da zannuwan da ba ta ɗaurawa.

Kashegari muka taho Birnin Kebbi mu uku. Tamba ya hango mu da jaka.

"Alhaji! Ba sallama? Jirgin ne?"

"In na dawo mu yi magana," in ji Baba.

Safiyar bikin, a gidan Ja'afar, muna shan koko a tsakar gida. Ja'afar ya kasa zama.

"Baba, wannan ba abin wahala ba ne. Mutumen ga bai sani ba ne. Shi ya ɗauka ka daɗe da zuwa Makka. Kalma ɗaya ce, wallahi kafin la'asar an gama. In kai ba ka iyawa ni in hwaɗa mai."

"Ba ka hwaɗa mai."

"Don mi?"

"Mutum ya yi maka tuwo, ya kira jama'a su gani, sai ka ce mai hura kaka so?"

Sai Inna ta ce, ba ta dube shi ba:

"In hurar kaka so hwa, Malam?"

"Sai ka ci tuwon."

"Ka ci tuwon mutane har ka tsuhwa."

"Sadatu."

Ban taɓa jin ya kira sunanta a gabanmu ba. Ta ajiye ludayi. Ja'afar ya ce to aƙalla in Alhaji da kansa ya tambaya, ai ba roƙo ba ne, amsa ce. Baba ya miƙe tsaye. Ya ce a duba masa ko hularsa ta zauna daidai.

Zauren taron ya cika. An rataya kyallen a bayan manyan baƙi, hoton fasfon Baba ya fi tsawon mutum, har ana ganin inda Inna ta ɗinke wuyan rigar. Aka kama hannunsa aka hau da shi kan dandamali, aka zaunar da shi a wata kujera mai laushi da ja da ruwan zinare. Ya zauna a bakin-bakinta, hannuwa a kan gwiwa, kamar mai jiran a kira shi. Ɗalibai da yawa suna tsaye a baya saboda wuri bai isa ba. Na ga yana ta kallon wajen.

Mai gabatarwa ya ce, "Uban taro, Alhaji Muhammad Sani Dankure!" Aka yi tafi. A irin wannan taro duk mai furfura Alhaji ne, babu wanda ke tambaya. Na ga leɓen Baba ya ce "Malam", amma babu abin magana a gabansa. Duk wanda ya tashi bayan nan Alhaji ya kira shi.

Alhaji Abdussamadu ya yi magana da Hausa. Ya ce yana tuna wata safiya da ruwa ya kai wa Malam ƙirji, ya goya shi daga kwalekwale zuwa tudu, ya ajiye shi, ya koma ya ɗauko na gaba. Ya ce ya zauna da manya iri-iri, bai ga wanda ya shiga ruwa don wani ba. Ya ce yana son yaran da za su riƙe ƙasar nan su san an taɓa yin shugaba irin wannan, ba a littafi ba, a Argungu. Ya cire tabarau ya goge. Babu ƙarya a maganarsa ko ɗaya.

Farfesan da aka ba kujerar ya yi nasa jawabin da Turanci, mai tsawo, mai kyau. Ya yi alkawarin kai ɗalibai ƙauyuka su yi aiki da hannunsu. Da aka zo cin abinci, Baba aka fara ajiye wa. Ya dubi farantin, ya dubi bayan zaure, ya rufe shi da takardar da aka naɗo cokali.

Bayan an tashi, Alhaji ya ratso mutane ya zo. Babban mutum da babbar riga, ya tsuguna a gaban Baba har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Masu hoto suka taru. Ni da Inna da Ja'afar muna tsaye dab da su.

"Malam, ka ji daɗi?"

"Na ji daɗi, Abdu."

"Don Allah in akwai abin da ya rage, ka faɗa mini. Ko mene ne. Yau ranarka ce."

Ja'afar ya matsa har kafaɗarsa ta taɓa ta Baba. Inna ta zuba wa ƙasa ido. Baba ya buɗe baki. Na ga ya ja numfashi irin na mai shirin doguwar magana. Ya dubi fuskar Alhaji, wadda har lokacin da danshin hawaye, tana jiran a ce ta kyauta.

"Ka gama komi," in ji Baba. "Allah shi yi maka albarka. Tashi, rigarka na shan ƙasa."

Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu. Wani ya zo ya raɗa masa cewa jirgin Abuja ba ya jira. Aka yi hoto na ƙarshe, aka tafi da shi.

Muka shiga mota. Ja'afar ya kunna rediyo, ya kashe.

Na raka su Argungu. Washegari da hantsi Baba ya sa rigarsa ya ce za shi mayar da kayan mutane. Ya fara da Tamba.

"To, Alhajin jami'a!" in ji Tamba da ya gama ji. "Ashe kujerar ma ta ga ba ka zama, shi ya sa ta ƙi zuwa." Ya yi dariya shi kaɗai, ta mutu a bakinsa. "Ni na baza labarin ga, Dankure."

"Kunnena da naka duk abu ɗaya sunka ji," in ji Baba.

Ya bi gida gida. A kowane zaure ya yi sallama, ya faɗi magana iri ɗaya: kujerar ba ta Makka ba ce, ba za shi ba, ga sallahunku, bai faɗa wa kowa ba. Wasu suka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wasu suka tambaya ko jami'ar za ta riƙa ba shi wani abu. Wata tsohuwa ta ce to ai ko a gida ma Allah na ji, ya ci gaba da yi mata.

Riskuwa tana bakin titi tana juya kifi a mai. Ta saurare shi matsami a hannu. Ba ta jajanta masa ba.

"To ni wa zan ba yanzu, Malam?"

Kifin ya fara ƙonewa, ta kwashe.

"Zan nemo mai zuwa," in ji shi.

Abin da ya yi da sauran watannin ke nan. Ya binciko waɗanda suka samu kujera a Argungu da ƙauyukan kusa, da yawansu tsofaffin ɗalibansa ne ko 'ya'yansu. Ya koma wurin masu sallahu ya nemi izinin kowa. Wanda ya yarda, sai ya kai buƙatarsa ga wani maniyyaci, ya sa shi ya maimaita har sai ya tabbata ya riƙe, kamar yadda yake yi da 'yan aji ɗaya. Bai ɗora wa mutum ɗaya da yawa ba, ya ce a can hankali na rabuwa. Na Riskuwa ya ba wani dillalin albasa mai suna Musaddiq, don ya ce tun yana yaro ba ya mantuwa. Tattakin safe kuwa bai daina ba. Inna ta tambaye shi na mene ne kuma, ya ce ƙafar ta riga ta saba.

Ranar da maniyyatan Argungu za su wuce sansanin alhazai a Birnin Kebbi ta faɗo ƙarshen mako, ina gida. Na bi Baba inda motoci suka taru. Rana ta yi zafi, mata na guɗa, ana ta neman jakar wani da ta shige motar wani. Baba ya naɗe hannun riga ya shiga cikin masu loda kaya. Matasa na cewa, "Malam, bari mana," yana miƙa musu ta gaba. Ya riƙe wa wata tsohuwa hannu ta hau. Ya bi tagogi yana leƙawa yana tuna wa kowa nasa. Riskuwa tana tsaye nesa, ba ta matso ba.

Motar ƙarshe ta fara motsi. Ya bi ta yana ɗingishi, ya buga gilashin da Musaddiq yake.

"Faruk! Faruk ɗan Riskuwa! A gaban Ɗakin!"

Musaddiq ya ɗaga hannu ya maimaita sunan. Motar ta hau titi.

Mutane suka watse. Muka rage mu biyu da masu sayar da ruwa. Baba ya sauke hannun rigarsa, ya karkaɗe ƙurar jakunkuna daga ƙirjinsa.

"Baba, kai hwa?" na ce. "Wa ka ba naka sallahun?"

Ya dube ni, ya dubi titin.

"Au," in ji shi.

Sannan ya ce mu tafi, ya bar albasa a shanya, kuma yana ganin kamar hadari.